Talƙinin Laftanar Lakhdar

Buzid ne ke zuba ruwa, liman Si Tayeb yana wanke gawar Laftanar Lakhdar. Tabon harsashi a kafaɗa, na ramukan yaƙin Jamus. Tabon wuƙa a haƙarƙari, na tsaunukan Rif. Da aka zo ƙafafu, liman ya shafa dugadugan, ya ce bai taɓa ganin ɗan babban gida da kaushi irin wannan ba. Buzid ya ce aikin takalmin soja ne. Ya ƙara ruwa.

Duk garin Tiyaret an san labarin Laftanar Lakhdar. Shekarar da Faransawa suka shiga kudu neman kurata, manyan gidaje suka yi abin da suka saba: a ɓoye ɗan gida cikin garke, a yi wa ɗan makiyayi aski, a yafa masa alkyabba, a tura shi da sunan ɗan gida. Ƙa'id Sliman, wani hakimi a can kudu, shi kaɗai aka ce ya miƙa na cikinsa, tilon ɗan Lalla Yamina. Nasara suka yaba masa, suka riƙa buga misali da shi.

Ba wanda ya zaci yaron zai dawo. Ya dawo kofur, ya koma, ya dawo saje, har ya zama hafsa a rundunar doki, matsayin da ba kasafai ake ba Balarabe ba. Garin ubansa kuwa bai sake taka shi ba, ko ranar da ƙa'id ya rasu. A Tiyaret ya zauna, ya yi aure. Buzid ya biyo shi daga kudu, ya kama masa doki, ya dafa masa gahawa, gashinsu ya yi fari a gida ɗaya.

Bayan Laftanar ya tuɓe kaki ne abin ya soma. Yana zaune a tsakar gida da la'asar, sai ya miƙe zumbur ya ƙame, ya ce ana kiran suna. Mutanensa da suka mutu, in ji shi, ga su nan jere a jikin katanga, laka har gwiwa, duk wanda aka kira ya amsa. In an zo kansa sai saje ya yi ta kira, bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya gaya wa Buzid cewa gonakin da ya ƙone a Rif ya san zai amsa tambayarsu, bai kuma nemi sauƙi ba. Abin da ke hana shi sakat shi ne a kira shi a kabari ya yi shiru.

Buzid ya san me yake nufi. In an rufe mutum, liman yakan tsuguna wajen kansa ya kira shi da sunan uwarsa, domin uwa ba a shakkarta, ya tuna masa amsar da zai ba mala'ikun tambaya. Tsofaffi sun ce kiran farko ya ji, na biyu ya tashi zaune, na uku ya amsa. Wanda aka kira da sunan wadda ba ta haife shi ba, haka zai kwanta kurma har su iske shi.

A zazzaɓinsa na ƙarshe Laftanar ya damƙe hannun Buzid.

"Sidi, kar ka bari."

Jilali ɗan Laftanar ya girgiza kai, ya ce ciwon ya kai inda Baba ke ce wa mai doki Sidi, kamar shi ne ubangidansa. Buzid ya zare hannunsa a hankali. Bai yi alkawari ba.

Yanzu ga shi a maƙabarta, can bayan mutane inda bara ke tsayawa. Kyaftin ɗin bariki ya zo da sahun soja da bigila, lambobin yabo a kan matashi. Jilali na gefensa da jar dara. Ana rade-radin shi za a yafa wa jar alkyabbar ƙa'id, albarkacin kakan da ya ba da ɗansa. Dokar wanda ya gudu daga soja kuma ba ta tsufa, ko da mai laifin ya tsufa. Buzid ya auna wannan duka tun daga gida. Ya yanke zai yi shiru.

Aka tura ƙasa. Bigila ta yi kuka ta daina. Si Tayeb ya tattara alkyabbarsa ya tsuguna.

"Ya Lakhdar ɗan Yamina."

Ko iska ba ta motsa ba. Buzid ya ji kiran ya ratsa shi har ƙashin baya. Ya ɗaga kai don ya kauce wa kabarin, sai idonsa ya faɗa kan katangar maƙabarta. Matattun sojojin Laftanar suna nan. Jere, laka har gwiwa, da gurbi guda a tsakiyar sahun. Ba wanda suke kallo sai shi.

"Ya Lakhdar ɗan Yamina."

Bai san lokacin da ya keta mutane ba. Ya dafa kafaɗar liman kafin kira na uku.

"Dakata, Si Tayeb. Ba ya jin ka. Ce ɗan Mbarka."

"Baffa Buzid, rana ce ta buge ka?" in ji Jilali, murya ƙasa-ƙasa, yana satar kallon kyaftin. "Mbarka ai tsohuwarka ce, mai tatsar tumakin kakana. Kishin me kake da gawa? Koma baya, ka bar mutum ya kwanta."

Wani daga cikin masu haƙa ya ce ku ƙyale shi, tsohon ya ƙosa a kira nasa ne. Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri.

Tsohon bai dubi Jilali ba, bai dubi kyaftin ba. Ya gyara tsayuwa, kafaɗu a miƙe, irin tsayuwar da ba wanda ya taɓa ganin ya yi.

"Tsohuwarsa ce, ba tawa ba. Kira shi Buzid ɗan Mbarka, zai tashi. Na Lakhdar ɗan Yamina kuwa ajiye shi tukuna, ga ni tsaye, ban mutu ba."