Takardar Dala ta Zamanin Nasara

Issoufou ya ɗora tsohuwar takardar dala a tafin Hajiya Delu. 'Yan unguwar Yantala na yi masa dariya, wai yana sayen matattun kuɗin zamanin Nasara da masu rai.

Tsohuwar ta shafa takardar, ta ɗaga ta wajen haske.

"Ta gaskiya ce. Da irinta na sayi zanen goyon ɗana Issoufou. Ka san shi, bawan Allah? Ya daina zuwa."

"Na san shi, Inna."

Shi ne ɗan farinta. Tun haihuwarsa kunya ta hana ta faɗin sunansa, sai yanzu da tsufa ya mantar da ita fuskarsa.

Gobe ma zai nemo wata takardar.