Sabon Inji a Tsohuwar Fijo

Tun da aka hana fetur, Sahura ta shafe wata uku a tsakar gida tana ɗaura injin lantarki a tsohuwar Fijon mahaifinta. Fitarta ta farko asibiti ce, 'yarta ta tashi da zazzaɓi.

Ta murɗa makulli. Injin ya ce cikin ladabi, "Doka ce, sai direba ya faɗi sunan kowane fasinja."

"Ni ce da yarinyar nan."

"Sunanta fa?"

Shekara biyar kunyar 'yar fari ba ta bar Sahura ta ambaci sunan ba. Ta taɓa goshin yarinyar, zafi zau.

"Zuwaira," ta ce a hankali.

Motar ta tashi ba ƙara. Yarinyar ta ɗago kai.

"Umma, ashe kin san sunana?"