Takardar da Mukhtar Ya Ɓoye

Ruwa ya kai wa Mukhtar ƙirji sa'ad da ya banke ƙofar ɗakinsa. Kogin Haɗeja ne ya ɓalle da hantsi ya cinye unguwarsu. Ko kallon buhunan shinkafarsa bai yi ba. Takarda ɗaya yake nema.

Bara, da ya ga naira ta lalace, kuɗin buhun taki uku ba ya sayen ɗaya, sai ya sayar da gonarsa ta gado ya mayar da kuɗin zuwa kirifto, wato kuɗin intanet da ake ajiyewa a waya. Yanzu wayarsa ta nutse. Kalmomi goma sha biyu da ke takardar su ne kaɗai mabuɗin dukiyar, kuma duk wanda ya same su ya kwashe ta.

Ya laluba cikin akwati. Babu. Ya juya ya fita.

A firamaren da aka tsugunar da jama'a, ya zube gaban matarsa. "Bushira, mun shiga uku. Ruwa ya tafi da takardar."

"Wadda ka ɓoye a akwati? Kwantar da hankalinka, Baban Jannat." Ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa ita, busasshiya.

Nan take ya faɗi ya yi sujada, yana hawaye.

"Ai ko ta ɓace ba komai," in ji ta. "Turancin ne ya gagare ni, shi ne shekaranjiya na ɗauki hotonta na tura gurup ɗin matan unguwa a fassara min. Mun fi mu ɗari biyu, kowace tana da shi."