Akwatin Ƙwan Zabi

Tunda na ga kai ma da girma kake zaɓen kayan haɗinka na lantarki, tsaya ka ji abin da ya sami wani tsohon ma'aikacin reluwe. Da ya ajiye aiki bai iya zaman majalisa ba, sai ya mai da zaurensa wurin ƙere-ƙere: yau fitilar batir, gobe 'yar fanka, jibi rediyon da ba ya kama komai sai shuu. Matarsa kuwa zabi take kiwo. Ka san zabuwa da sakaci, ta zuba ƙwai a jeji ta kama gabanta, shi ya sa ake tsintowa a sa wa kaza ta kwanta a kai. To a daminar nan cuta ta share kajin gidan kaf. Ga ƙwai cike da ƙwarya, ba mai kwanciya. Tsohuwa ta yi niyyar kai shi kasuwa, maigidan ya ce ta bar masa, zai haɗa akwatin ƙyanƙyasa. Ta daɗe tana kallonsa, don ta sha ganin ƙarshen ƙere-ƙeren nan, sannan ta miƙa masa ƙwaryar. Irin zabinta na baɗi ke nan gaba ɗaya.

Aikin a baki ba wuya. Batirin mota zai kunna gulob ya ɗumama akwatin, wani ɗan allo mai auna zafi ya riƙa kashewa yana kunnawa. Sai dai allon bolt biyar yake ci, batir kuwa sha biyu yake bayarwa, dole a sa ragileta a tsakani ta rage ƙarfin wutar. Tsoho ya sha rana a kasuwa har ya samo mai kyau, wadda ba ta zafi, ba ta kuma shanye batir. Mai shagon ya haɗa masa da kafasita biyu, ɗaya kamar babban yatsa, ɗaya 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar dawa. Ya ce, “Baba, babbar ita ke riƙe wuta in ta yi sama da ƙasa. Ƙaramar nan ka liƙa ta daf da allon, ita ke shanye fizgar da ake samu in makunnin gulob ya buga.” Da ya dawo gida ya liƙa babbar ba gardama. Ƙaramar ce ta gagara. Ido ya yi rauni, dalma ta ƙi kama ƙafafunta, baya ya ƙage, hayaƙi ya cika masa hanci. Can ta suɓuce ta faɗa ƙasa. Ya yi lalube har ya gaji, ya ja tsaki. Ai ga babba nan zaune, me wannan 'yar abar za ta tare? Ya gwada, gulob ya kama, zafi ya kai, gulob ya mutu da kansa. Ya jera ƙwai ya rufe.

Akwati ya yi ta aiki sati bayan sati, har tsohuwa ta fara shigowa zaure tana juya ƙwan da hannunta, ta kuma gyara akurki. Da ƙyanƙyasa ta kusa aka daina buɗewa, don a lokacin ba a taɓa ƙwai. Ranar wata Juma'a makunni ya buga kamar kullum, wuta ta fizga, allon ya rikice ya tsaya cak, gulob a kunne. Shi tsoho yana masallaci, daga can ya wuce gaisuwar rasuwa, sai bayan la'asar ya dawo. Tun daga bakin zaure ya ji ƙauri. Ya ɗaga murfi, zafi ya bugi fuskarsa, ya zauna a ƙasa. Tsohuwa ta shigo, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a bakin ƙofa. Ga ɗan zabo cikakke, har da gashinsa, a dafe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce, “Malam, jibi fa za su fito.” Ta kwashe sauran a bakin zaninta ta shige gida, ta bar shi da kunya da baƙin ciki, ga batir cike, ga ragileta lafiya lau.

Shi ya sa magabata suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.