Haƙora Uku a Jikin Alawa

"Buɗe bakinka!" in ji matata, tana nuna min guntun alawa mai danƙo da ta tsinta a bayan firji. Haƙoran roba uku ne kafe a jikinta.

Shekaranjiya likitan haƙori ya cike min giɓina. Ya liƙa sababbi a jikin na gefe, wai gada ake ce musu, ya ce kar in kusanci abu mai danƙo. Ga ciwon suga ina fama da shi.

"Wallahi ba ni ba ne."

"To aljani ne? Mama, kin ga halinsa ko?"

Surukata na kan kujera, ta ja mayafi har hanci. Kullum ita ke min wa'azi a kan zaƙi, ita ce ma ta kai ni wurin likitan nata. Ta gyaɗa kai kawai.

Na wangale baki. Gadata tana nan daram.

Matata ta juya a hankali.

"Mama?"

Daga cikin mayafi muka ji: "Miƙo min kayana. Har da alawar, ban gama ba."