Taku Biyun da Aka Rage wa Maharbi

Taku biyu kawai ya rage wa nisan kibiyar maharbi, kuma nan ya ɓata komai.

Aikinsa ke nan a kamfanin wasannin bidiyo da yake yi wa aiki. Sun tattaro jaruman wasanni daban-daban cikin wasan faɗa guda na bidiyo, shi kuma yana daidaita ƙarfinsu, kada mai harbi daga nesa ya danne mai naushi. 'Yan wasa sun dame su da ƙorafin maharbi yana cin banza. Shi ma yana da nasa haushin, don duk Asabar yayansa da wannan maharbin yake lallasa shi.

"Matsoraci! Matso mu gwabza mana, Yaya."

"Iso ni tukuna, injiniyan banza."

Yanzu dole maharbi ya matso, kuma faɗan kusa sai da maɓalli shida a jere, da sauri.

Asabar ɗin nan ya ci Yaya sau bakwai, har da taka rawa a tsakiyar falo. Yaya ya ajiye abin dannawar, ya miƙo hannunsa na dama. Yatsun suna karkarwa, biyu kaɗai ke lanƙwasuwa.

"Shekara guda nake ɓoye muku. Maharbin nan maɓalli biyu sun ishe shi, shi ya sa."

Ranar Litinin ya roƙi shugaban kamfanin a mayar da maharbin yadda yake a da. Shugaba ya ce mutane sun yaba, ba mai taɓawa.

Yaya bai ƙara zuwa ranar Asabar ba.