Tayoyin Bazarar Temirkul

"Satibaldi, mota ce wannan ko doki?" Temirkul ya tsokani maƙwabcinsa da ya shigo da mota. Shi Temirkul yana zaune ne a farfajiyar gidan bene, kan wata taya da aka binne rabinta aka shafa mata shuɗin fenti. "Watan Yuli, Bishkek na tafasa, kai kana ƙaras-ƙaras da tayoyin hunturu masu ƙusoshi! Ranar da ka taka birki, sai Kazakistan za ka tsaya."

"Taka motar fa, Yaya? Ai tun hunturu take kwance da irinsu."

"Ni ina da na bazara a baranda, dal! Shekara goma sha biyu ina tattalinsu, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Gobe zan ɗaura su in kai jikoki bakin tafki."

Ya ƙwala wa matarsa kira ta fito da su. Burul ta leƙo daga hawa na uku.

"Waɗannan? Ajiya ta cinye su, maigida, duk sun tsattsage. Jikokina ba za su hau su ba."

"To ina suke?"

"Tun watan Mayu kake zama a kan ɗaya. Har cewa ka yi fentin ya yi kyau."